FILIN MASU MOTA: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Ba baƙon abu ba ne a garejojin unguwar Sintali ta birnin Jalingo a ga mota lafiya lau, amma an tuge mata sitiyari an jingine shi a gindin bishiya. Ba wata cuta ce ta kama ta ba, fatar sitiyarin ce kawai ta koɗe ta fara ɗayewa, saboda zafin ranar da ke ratso gilashi da gumin hannun direba. Mai motar kuwa ya san dillali ba zai ga haka ya ƙi karya mata daraja ba, shi ya sa yake son a naɗa sabuwar fata.

Gyaran dai ƙarami ne, amma wurin da ake taɓawa babba ne, domin kuwa ran direba da na fasinjoji a kan noti guda ɗin nan na tsakiyar sitiyari yake rataye.

Yawancin manyan makanikai sun koyi sana'arsu ne a kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975. A zamanin nan, tun Jalingo na cikin Jihar Gongola kafin a kafa Taraba a 1991, aikin ba wuya: a ɓalle murfin oda, a kwance noti, a girgiza sitiyari ya fito. To, amma motocin yanzu, watau 'yan Kwatano da ire-irensu, ba haka suke ba. A cikin cibiyar sitiyarinsu akwai jakar iska a naɗe, tare da wani sinadari mai tashi kamar albarushi, wanda ke cika ta kafin ƙiftawar ido idan an yi karo. In ta tashi a fuskar yaron gareji yana sunkuye da sifana, to, sai dai asibiti.

Saboda haka bakanike mai hankali yakan fara da daidaita tayoyin gaba su miƙe sak. Sa'an nan ya kashe mota, ya cire kan batir, ya dakata kamar minti 10 don ragowar wuta ta huce. Bayan haka ne zai kwance jakar, ya ajiye ta gefe fuskarta na kallon sama. Kafin ya zare sitiyarin, lalle ne ya sa alama da fenti a kansa da kuma kan sandar da yake zaune, don haƙoransu su koma yadda suke. In ba haka ba, mota za ta riƙa tafiya sak sitiyari na karkace. Har ila yau, ba a cire notin gaba ɗaya kafin a jijjiga, sai a bar shi a bakin zare, don kada sitiyarin ya fizgo ya fasa wa mutum baki. Guduma kuwa ba ta da aiki a nan, gama an ƙera sandar ne ta yadda za ta lotsa a lokacin haɗari, duka na iya lalata ta.

Akwai kuma wata siririyar waya da ke naɗe a bayan sitiyari, wadda ke kai wuta ga oda da jakar iska. Idan yara suka yi wasa da ita ta bar tsakiyarta, ranar da direba ya karya kwana sosai sai ta tsinke. Oda ta mutu, fitilar gargaɗi ta kama, jakar kuma ba za ta buɗe ba ranar da ake bukatarta. Mugun bakanike sai ya cire ƙwan fitilar ya ce an gyara. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu ya san kwanonin hanyar nan ba sa yafe wa notin da ba a ɗaure sosai ba. Don haka ya kamata mai mota ya tsaya a kan aikinsa, ya ga an ɗaure notin daidai ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, ya danna oda, ya ga fitilar gargaɗi ta kama ta mutu, kana ya biya.

Mafi sauƙi ma, a kira baduku. Gwani yakan auna sitiyari, ya yanko jemammiyar fata, ya ɗinke ta tsam a jikinsa yana nan a mazauninsa, ba a kwance ko noti ɗaya ba. Wannan ya fi rigar robar kasuwa da ke sulɓewa a hannu. Kyan sitiyari gira ne, lafiyarsa kuwa ido. Allah ya kiyaye hanya, amin.