Ra'ayi: Masu kallo a Magarya da Dungas sun iya sharhin fim, saura su ga labarinsu a ciki

Duk wanda ya san zaman fada a Magarya ko Dungas ya san cewa in ka cire tsadar hatsi da labarin iyaka, ba abin da ke cin lokacin shayi kamar gardamar fim. Kafin a sha na uku an riga an yanke wa jarumi hukunci, an gano inda mai labari ya yi ƙarya, an kuma tsara yadda ya kamata shirin ya ƙare. A cikin gida ma haka ne. Mata na aiki, salula na gefe tana karanto littafi, in an gama a shiga muhawarar ko wa ya ci amanar wa.

Wasu na kallon wannan hira a matsayin zaman banza. A ganina sharhi ne na gaske, kuma masu shirya fim da marubuta na asara da ba sa jin sa.

Kusan duk abin da ake kallo a waɗannan gundumomi biyu na kudancin jihar Damagaram daga ƙetaren iyaka yake zuwa. Magarya na maƙwabtaka da Ɓaɓura, Dungas na kusa da Maigatari mai babbar kasuwar Alhamis, duk a jihar Jigawa ta Najeriya, kuma hanyar Kano a buɗe take. Tun bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka shi ya buɗe kasuwar finafinan Hausa, kaya ke biyo wannan hanya: da farko kaset, daga baya faifai, yau kuma memori da tura wa juna a salula. Ta nan Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24 suka shigo, haka Izzar So da Labarina, da finafinan Indiya na fassarar Algaita, da littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini.

Ƙorafi uku ne suka fi fitowa daga bakin masu kallo, kuma kowanne na da tushe.

Na farko, jan labari. Za ka ji ana cewa shirin da ya kamata ya ƙare a kashi goma an kai shi inda ba a san ranar gamawa ba. Wannan ba zargi ba ne kawai. Shirin da ke YouTube kuɗinsa na zuwa ne daga talla da yawan kallo, don haka kowane sabon kashi kuɗi ne, ƙare labari kuwa rufe shago ne. Mai kallon da ya sayi data da guminsa ya fi kowa saurin gane lokacin da aka fara cika masa ido da zaman falo.

Na biyu, samari da yawa sun fi son fassarar Indiya a kan fim ɗin Kano. Sun san sarai mutum ɗaya ba zai doke hamsin ba, suna ma yi wa abin dariya. Abin da ke riƙe su shi ne talaka ya tsaya gaban azzalumin ɗan siyasa ko gurɓataccen jami'i, a ƙarshe gaskiya ta yi halinta. Wanda ya taɓa ganin an danne masa haƙƙi ba shi da inda zai kai kuka, shi ya san daɗin wannan ƙarshe.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi: mutane ba sa ganin kansu. Gidajen bene, manyan motoci, rigimar gado tsakanin 'ya'yan attajirai. Da wuya ka ga jarumin da ke noman gero ko yake jiran kuɗin ɗan'uwa daga ci-rani. In baƙauye ya fito, galibi don a yi dariya ne.

A ɗaya ɓangaren akwai iyaye da malamai da ke cewa labaran fashi, kisa da ƙwaya makaranta ce ta ɓarna. Damuwarsu ba abin rainawa ba ce. A da ana kallo a tsakar gida, babba na gani, yana iya kashewa. Yanzu yaro na ƙudundune da salula cikin dare, ba wanda ya san me yake kallo. Irin wannan tunani ne ya sa a watan Satumban 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana shirya finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. A watan Mayun 2025 kuma hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango kan rashin kai su a tace kafin a saki.

Hukumar Kano ba ta da iko ko na taku ɗaya a cikin Nijar, amma hukuncinta ne ke tantance abin da ɗan Bande ko Dogo-Dogo zai samu a memorinsa. Hanin kuma bai taɓa finafinan waje masu cike da harbi da sara ba, suna nan suna yawo. Sakamakon shi ne yaro na ganin laifi a Mumbai kullum, amma laifin da ke bakin ƙofarsa ba wanda ya zauna ya nuna masa yadda yake farawa da inda yake ƙarewa.

Ma'aunin da ya dace shi ne yadda aka ba da labarin. Shin an nuna wanda aka cuta da halin da iyalinsa suka shiga? Shin mai laifin ya fito a matsayin abin sha'awa, ko an nuna ramin da ya faɗa? Adabin Hausa ya daɗe da sanin wannan hanya. A farkon shekarun 1980 Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta littafi, shi ma mai suna Turmin Danya, kan fasa-ƙwauri da cin hanci. A 2021 Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta fitar da fim ɗinta Zinder kan samarin “pale” na unguwar Kara-Kara. Ta shiga cikinsu, ta bar su suka yi magana, kuma wanda ya kalla zai fito da tambaya kan talauci da wariya, ba sha'awar ɗaukar adda ba.

Kayan labari kuwa a nan suke jibge. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Kowa a yankin ya san yadda jarkokin fetur da buhuna ke bin hanyoyin daji a kan babur, ya san kuma wa ke ɗaukar kasada, wa ke kwashe riba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga kudancin jihar nan. Wa ya karɓi kuɗin mota? Wa ya lallashi uwa ta ba da ɗanta a tafi da shi bara? Marubucin da ke neman labari mai tsayar da numfashi ba ya buƙatar aro daga Indiya. Kuma uwar da ta saurari irin wannan labari da harshenta, da sunayen garuruwan da ta sani, za ta yi tunani sau biyu ranar da mai lallashi ya yi mata sallama.

Cikas biyu ne a gaba. Makaranta a Nijar ta daɗe tana tafiya da Faransanci, don haka masu jin Hausa sun ninka masu iya rubuta ta nesa ba kusa ba. Sannan kuɗin da mai kallo ke biya a shagon tura fim yana tsayawa ne a shagon, marubuci da mai karanta littafin ba sa ganin ko dala. Matashin da ya ga haka ba zai ɓata wata shida yana rubutu ba.

Duk da haka akwai inda za a fara. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In har wannan zai wuce takarda, to ya kamata ya bayyana a abin da mutane ke saurare da dare. Gidajen rediyon karkara na iya ware rabin awa a mako don karanta sabon labari na ɗan yankin, su nemi ɗan kasuwa ya ɗauki nauyi, a ba marubucin rabonsa. Ma'aikatun magajin gari na iya sa gasar gajeren labari sau ɗaya a shekara, kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ta fito da mata marubuta tun 2016. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram na iya taimakawa wajen gyaran rubutu. Rediyo ba ya buƙatar kyamara ko gidan bene, kuma Yazi Dogo da abokan wasansa sun riga sun nuna cewa wasan Hausa daga Damagaram na iya riƙe ƙasa baki ɗaya.

Su ma iyaye, ƙwace salula ba ya wadatarwa. Zama da yaro a kalla tare, a tambaye shi me ya gani, wa ya yi daidai, ya fi tasiri.

Masu shirya fim na Kano kuma su tuna cewa wani babban ɓangare na masu kallonsu na wannan gefen iyaka. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mutanen da suka iya gano ƙaryar labarin wani a zaman shayi ɗaya, in aka ba su dama, za su iya ba da nasu.