Tsakanin ƙarfi da saiti a manyan libarba na Amurka

Muhawarar da maharban Amurka suka daɗe suna yi a kan wace libarba ce ta fi ta samo asali ne tun 1955, shekarar da kamfanonin Smith & Wesson da Remington suka haɗa hannu suka fito da harsashin .44 Magnum, bayan Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci a jihar Idaho, ya shafe shekaru yana matsa musu. Libarba ita ce ƙaramar bindigar da harsasanta ke zaune cikin silinda, wato wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka biyar ko shida da ke juyawa yana kawo kowane harsashi daidai da bututu. Magnum kuwa na nufin harsashin da aka tsawaita kwansonsa aka ƙara masa albarushi, kuma lambar .44 ɗin ma an ɗan yi mata gishiri, domin ainihin faɗin dalmar inci 0.429 ne, kusan milimita 11.

Kuskuren da ke yawo cikin muhawarar shi ne ɗaukar kyan ƙira da ƙarfi da saiti tamkar abu guda. Model 29 ta Smith & Wesson, wadda fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya sa ta yi tashe har ta yi wuyar samu a shaguna, ita ce misali mafi kusa. Ana buga ƙarfen jikinta ne da zafi kamar aikin maƙera, sannan a bar mata murfi a gefen dama wanda ake kwance shi da sukurori idan za a taɓa kayan ciki. Kunamarta tana da taushi, tana saki ba tare da jan ƙafa ba, abin da har masu kushe ta ba sa musu a kai. Amma da wasan harbin gumakan ƙarfe na dabbobi daga nisan mita 200 ya bazu a shekarun 1970, aka riƙa ɗura mata dubban harsasai masu nauyi, sai ta fara sassautawa, silindar tana kuɓucewa daga mazauninta, har kamfanin ya ƙarfafa sassanta a ƙarshen shekarun 1980.

Kamfanin Ruger ya bi wata hanya dabam da Redhawk da kuma Super Redhawk ta 1987. Yana zuba narkakken ƙarfe ne a mazubin da aka fitar da siffarsa da kaki, dabarar da masu zubin tagulla na Binin suka ƙware a kanta ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma jikin bindigar a dunƙule yake babu murfin gefe, kayan kunama ta ƙasa ake zare su. An kuma kauce da ƙananan tsagogin da ke riƙe silinda daga inda bangon ramin ya fi siranta. Sakamakon shi ne bindiga mai kauri da nauyi, marar fasali a idon wasu, kunamarta ba ta kai ta Smith laushi ba, amma tana cinye harsasan da masu haɗa su ke gargaɗin kada a saka wa Model 29. Ba banza ba mazauna Alaska da ke yawo a dajin beyar suke yawan rataya ta.

A fagen saiti kuwa kambun yana hannun Freedom Arms, ƙaramin kamfani a jihar Wyoming, wanda ya fitar da libarbar .454 Casull a 1983. Sirrinta shi ne ana huda kowane rami na silindar ne bayan an ɗora ta a jikin bindigar da za ta zauna, ta yadda ramin da bututu za su yi layi ɗaya, dalma ta shiga bututu ba tare da ta goga gefe ba. Ramuka biyar kawai gare ta domin bango ya yi kauri, tunda matsin harsashin yana kaiwa fam 65,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali na .44 Magnum 36,000 ne. Sai an ɗana gudumarta da babban yatsa kafin kowane harbi, kuma kuɗinta ya fi na Ruger sosai.

Daga nan gasar ta koma ta girman kai. Model 500 da Smith & Wesson ta fitar a 2003 ta kai kimanin kilo 2, kuma bugun da take yi wa hannu yana sa maharbi ya fara runtse ido da noƙe wuya tun kafin kunama ta saki, a nan kuwa saiti yake lalacewa komai kyan bututu. Mai neman abin da zai daɗe yana shan wuya ya ɗauki Ruger, mai neman harsasai su taru a wuri guda ya biya kuɗin Freedom Arms. Ga yawancin maharban barewa da aladen daji kuwa, .44 Magnum a jikin Smith & Wesson ta wadatar.