A San Haruffan Ƙarfafawa Da Na Rantsuwa Kafin A Hau Kujerar Tafsiri

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wuraren tafsirin azumi a Sifawa da Bodinga da Shagari muna jin wani sakaci da ya kamata mu yi wa juna nasiha a kansa. Mai ja ya ja aya, mai fassara ya ce "lalle haƙiƙa" ya wuce, ko ayar na ɗauke da harafin ƙarfafawa ɗaya, ko uku, ko babu ko ɗaya.

Balarabe ba ya ƙarfafa zance a banza. Malaman balaga sun ce wanda bai da shakka ana ba shi labari kai tsaye. Mai kokwanto a sa masa "inna". Mai musu kuwa a haɗa masa da lamun, ko nunun ƙarfafawa, ko rantsuwa, gwargwadon taurin kansa. A dubi Suratu Yasin. Da manzanni suka zo wa mutanen alƙarya suka sanar da su aikensu, "inna" kaɗai suka yi amfani da ita. Da aka ƙaryata su, sai suka maimaita maganar, suka kafa shaida da sanin Ubangijinsu, suka ƙara lamun. Wanda ya fassara maganganun biyu iri ɗaya ya ɓoye wa masu sauraro yadda musun ya tsananta.

Rantsuwa ta fi haɗari. Haruffanta uku ne: wawun, ba'un da ta'un, kuma kowace rantsuwa tana da jawabinta. A Suratus Shamsi rantsuwoyi ne a jere har aya ta takwas ta kusa, manufar kuwa ita ce rabautar wanda ya tsarkake ransa. Sai ka ji an share dare ana labarin rana da wata, an manta da abin da aka rantse dominsa. Daga nan jahili yake cewa, tunda Allah (S.W.T.) Ya rantse da halitta, shi ma zai rantse da kabari ko da ubansa. Mahalicci Yana rantsuwa da abin da Ya so. Bawa kuwa an hana shi rantsuwa da wanin Allah. Ibnul Ƙayyim ya ware wa wannan babi littafi sukutum, At-Tibyan.

Mu a nan ba mu da uzuri. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar a Sifawa har ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Bodinga. Malam Abdullahi, Allah Ya yi masa rahama, shi ne mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, kuma shi ne ya waƙe nahawu a Bahrul Muhiɗ, sarfu a Hisnur Rasin.

Muna roƙon kwamitocin masallatanmu su buɗe darasin nahawu tun daga Ajrumiyya bayan sallar Asuba, kuma kada a ba matashi kujerar tafsiri sai malami ya saurare shi yana warware rantsuwa da jawabinta a Juz'u Amma.