Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasi Daga Petro Shelest

A watan Mayu na 1972 manyan Tarayyar Sobiyet da ke Mosko suka sauke Petro Shelest daga muƙamin Sakataren Farko na Jam'iyyar Kwaminis ta Yukren, muƙamin da ya riƙe tun 1963. Ba a nemi shawarar mutanen Yukren ba, kamar dai yadda ba a nema ba ran da aka naɗa shi.

Kada mai karatu ya zaci ko Shelest ɗan tawaye ne. Ko kusa. Da shi aka haɗa baki aka tumɓuke Khrushchev a 1964. A zamaninsa aka kama marubutan Yukren da dama a 1965. Yana kuma cikin waɗanda suka fi matsawa a tura soja Chekoslobakiya a 1968.

To, mene ne laifinsa? Ya nemi a sakar wa Yukren mara a sha'anin tattalin arziki. A 1966 ya gargaɗi marubuta su riƙe harshensu da daraja. A 1970 kuma ya fitar da littafi mai yabon tarihin Yukren. Wannan ya ishi Brezhnev, wanda dama yana da nasa mutum a ajiye.

Sai aka kira Shelest Mosko, aka ba shi mataimakin firayim minista, wai ƙarin girma. Shekara guda kacal, a 1973, mujallar jam'iyya ta yi kaca-kaca da littafin, aka kuma cire shi daga majalisar ƙoli ta jam'iyya. Ya rasu a 1996 a Rasha, ba shi da wani iko.

Magajinsa, Volodymyr Shcherbytsky, ya ga abin da ya faru, ya shafa wa gemunsa ruwa. Ya riƙa jawabi da Rashanci, ya yi biyayya sau da ƙafa, ya shekara 17 a kujera. Ladan da talakawa suka samu kuwa shi ne: kwana biyar bayan tashar nukiliya ta Chernobyl ta yi bindiga a 1986, aka fito da jama'a, har da yara, faretin Ranar Ma'aikata a Kiev, alhali iska na ɗauke da guba.

Wasu na kiran Shelest ɗan kishin ƙasa. A ganina rabin gaskiya ke nan. Ya so harshensa, amma ya yarda aka ɗaure masu kare harshen, waɗanda da su ne za su tsaya masa. Da rana ta ɓaci, sai ya waiwaya bai ga kowa ba.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, shugaban da aka naɗo daga sama hanya biyu gare shi: ko ya yi wa mutanensa magana a kore shi, ko ya yi shiru su sha wahala. Wanda jama'arsa suka ɗora ne kaɗai ke da bango na jingina.