SHARHI: Tacewa biyu a kan fim ɗaya: Nauyin da ke kan mai kula da aikin bayan ɗauka

A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne kan jarumai da daraktoci. Sai dai wanda umarnin ya fi shafa shi ne furodusan da ke kula da aikin bayan ɗauka, mutumin da sunansa ke wucewa a ƙarshen shiri lokacin da ’yan kallo suka riga suka tashi.

Shi ke karɓar hotunan da aka ɗauko, ya raba aiki tsakanin edita da mai daidaita sauti da mai gyaran launi da mai rubuta fassarar Turanci a ƙasan allo, sannan ya miƙa shirin ga tasha ko ya ɗora a YouTube a ranar da aka yi wa jama’a alƙawari. A Kannywood, wannan aiki ma tacewa ake kiran sa.

A zamanin faifai, fim guda ake kammalawa a kai wa hukuma. Yanzu kuwa shirin mako-mako ne ke riƙe da kasuwa, kuma sau da yawa ana ɗaukar wani kashi ana gyaran wani. Duk kwanan da kashi ya yi yana jiran izini, daga lokacin gyara ake zare shi. Idan hukuma ta ce a cire wani wuri, sai an sake daidaita sauti da fassara gaba ɗaya.

Daga Abuja ma nauyin na ƙaruwa. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda Shaibu Husseini ke jagoranta, ta fito da ƙa’idojin hana ƙawata shan taba da tsafin neman kuɗi a fina-finai. A teburin edita ake aiwatar da su. Ga kuma tsadar aiki: tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 janareta ya zama abin lissafi, a Afrilun 2024 kuɗin lantarkin rukunin Band A ya koma Naira 225 kan kowane yunit.

Babu mai musun haƙƙin hukuma na duba abin da ke shiga gidajen jama’a. Abin da ya rage shi ne tsari: wa’adi sananne na amsa kowane kashi, damar miƙa shiri ta intanet, da fahimtar juna tsakanin hukumar jiha da ta tarayya, domin kada a maimaita aiki ɗaya.

Ma’aikatar da Hannatu Musawa ke jagoranta da Hukumar Fina-finai ta Najeriya ƙarƙashin Ali Nuhu, mai kula da makarantar koyon fim ta Jos, su ne ke da ikon haɗa ɓangarorin a teburi guda. Idan aka zauna ba tare da masu aikin bayan ɗauka ba, za a tsara dokar da babu wanda ya lissafa kwanakin da cika ta zai ci.