Kwamfutar da Aka Auna a Sanyin Turai Ba Ta San Bazarar Kano Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin masu haɗa kwamfutar tebur da kansu, musamman masu zanen gine-gine da masu tace bidiyo da masu rubuta manhaja. Mutum zai zuba kusan dukkan kuɗinsa a kan furosesa mafi ƙarfi da katin hoto mafi tsada, ya ƙara da fitilu masu launin bakan gizo, sannan ya sayi fanka da akwati da na'urar rarraba wuta da ɗan canjin da ya rage. Wannan tsari kuskure ne a ko'ina, amma a arewacin Najeriya da kudancin Nijar asarar dukiya ce a fili.

Dalili na farko lissafi ne mai sauƙi. Babu fankar da ke sanyaya furosesa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Aikinta kawai ta kwashe zafi daga ƙarfe ta miƙa wa iska. Masu gwajin kayan kwamfuta a Turai da Amurka kan yi awonsu a ɗaki mai zafin digiri 21 zuwa 23 a ma'aunin Salsiyos. Idan na'urar sanyaya ta riƙe furosesa a digiri 60 sama da zafin ɗaki, a can za a ga 82, a ce madalla. A ɗakin da ya kai digiri 38, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, wannan na'ura za ta nuna 98. Iyakar da Intel ya sa wa Core i9-14900K ita ce digiri 100, ta AMD kuwa a yawancin jerin Ryzen 7000 digiri 95 ce. Da zarar furosesa ta kai iyakarta sai ta rage gudu don kare kanta. Ma'ana, mai kwamfutar ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba a watannin da aiki ya fi matsa masa.

Saboda haka tambayar farko ita ce wat nawa furosesar ke ci. Core i9-14900K kan ja har wat 253 idan aiki ya yi nauyi, katin RTX 4090 kuma wat 450. Kusan duk wutar da kwamfuta ta ja zafi take komawa, don haka wanda ya haɗa su biyun ya girke murhu mai wat 700 a ƙarƙashin teburinsa. Ryzen 7 7700 kuwa an tsara ta a kan wat 65, kuma tana ɗaukar aikin ofis da zane da yawancin aikin bidiyo ba tare da wahala ba. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan bambanci ya fara bayyana a aljihu. Mai inbata da sola ya fi kowa sanin haka, domin batirinsa ne ke biya kowane dare.

Sai batun sanyayawa da ruwa, wanda ya zama ado. Ana kallonsa a matsayin alamar kwamfutar manya, alhali lagireto ne ƙarami irin na mota, da famfo da bututu biyu. Shi ma a ƙarshe iskar ɗaki yake miƙa wa zafin. Gaskiya ne babban lagireto mai fanka uku ya fi ɗaukar zafin furosesa mai cin wat 250. Amma famfon kan mutu, ruwan kuma kan ragu a hankali ta jikin bututu cikin shekaru. Ranar da famfo ya tsaya aiki ya tsaya, kuma garantin da aka rubuta a kwali ba ya amfanar wanda zai aika kaya ƙetare ya zauna jira. Na'urar sanyaya ta iska ƙarfe ce kawai da fanka. Idan fankar ta lalace, ana samun wata a kasuwa a ɗaura cikin minti goma. Noctua NH-D15 ta fito tun 2014, har yau ana gwada sababbi da ita, Thermalright Peerless Assassin 120 kuma tana kusantarta a aiki da kuɗi kaɗan. Ga furosesa mai matsakaicin cin wuta, irin waɗannan sun wadatar.

Akwatin ma ba don kallo aka yi shi ba. Akwati mai gilashi a gaba yana da kyau a hoto, amma yana toshe hanyar iska. Mai raga a gaba shi ne daidai, da fanka biyu ko uku masu shigar da iska da guda ɗaya mai fitarwa a baya. Hikimar ita ce iskar da ke shiga ta fi mai fita yawa, domin ƙura ta bi ta matata maimakon ta kutsa ta kowace kafa. Wanda ya san hazon hunturu ya san abin da yake yi wa gilashin mota a dare ɗaya. Haka yake yi wa haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, ya zama bargo a kansa. Wanke matata da hure ƙura a kai a kai, da ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kan tebur, sun fi wasu kayan tsada amfani.

Mafi munin rowa ita ce wadda ake yi wa na'urar rarraba wuta. Idan ta ƙone takan tafi da sauran kayan. A ƙasar da ake ɗauke wuta a maido ba sanarwa, janareta kuma na hawa da sauka, sayen marar suna don rage kuɗi kaɗan caca ce da dukiyar da ta ninka ta sau goma. Tambarin 80 Plus yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta ne kawai. Mai matakin Gold kan kai kashi 90 cikin 100 a rabin nauyi, wato zafin da take fitarwa ya ragu. Tambarin bai tabbatar da ingancin kayan ciki ba, don haka dole a duba kamfanin da tsawon garantinsa. UPS kuma yana cikin kasafin tun farko.

Wani zai ce ofishinsa akwai na'urar sanyaya ɗaki, don haka wannan duk bai shafe shi ba. Amsar ita ce kwamfutar da lafiyarta ta dogara da na'urar sanyaya ɗaki ta dogara da wutar da babu mai iko da ita. Ranar da aka koma ƙaramin janareta, na'urar sanyaya ɗaki ake fara kashewa, kwamfutar kuwa ta ci gaba da aiki a cikin zufa. Wani kuma zai ce furosesar zamani ba ta ƙonewa tunda tana kare kanta. Haka ne, amma ba ita kaɗai ce a cikin akwatin ba. Ma'ajiyar SSD ma tana rage gudu idan ta yi zafi, kafasitocin cikin na'urar wuta kuma zafi yana rage musu kwana.

Laifin bai tsaya kan mai saye kaɗai ba. Lambar furosesa ita ce abin da ake iya faɗa a bainar abokai, ita ce kuma mai kanti ya fi saurin sayarwa. Babu mai alfahari da fanka. Sai dai mai haɗa kwamfuta a wannan yanki ya kamata ya juya jerin sayayyarsa. Ya fara da zafin ɗakinsa a watan da ya fi zafi da irin wutar da yake samu, ya zaɓi akwati da na'urar wuta da ta sanyaya, sannan ya nemi furosesa da katin hoton da waɗannan za su iya ɗauka.