Bin sawun cutar kaska: sai an ƙidaya ake ganin girmanta

Makiyayi ya san kaska tun fil azal, amma a jikin bisashe ya san ɓarnarta. Cutar anaplasmos ta shanu, wadda ke cinye jinin dabba har ta rame, masani Arnold Theiler ne ya bayyana ta a Afirka ta Kudu cikin shekara ta 1910, kuma ba ta kama mutum. Sai dai tana da ƴar'uwa wadda ke kama ɗan Adam.

A shekara ta 1990 wani mutum ya rasu a jihar Wiskonsin ta Amurka, bayan masassara mai tsanani da ta biyo cizon kaska. A 1994 masu bincike suka bayyana ƙwayar da ke haddasa ta, wadda ke shiga cikin fararen ƙwayoyin jini ta ɓuya. A 1997 aka ba da labarin mutum na farko da ya kamu a Turai, a ƙasar Sloveniya.

Alamunta suna fitowa mako ɗaya zuwa biyu bayan cizo: masassara, rawar ɗari, ciwon kai da ciwon jiki. Mutane da yawa ba su tuna an cije su, domin ƙaramar kaskar da ta fi yaɗa cutar ba ta kai ƙwayar gero ba. Maganinta doksisiklin ne. In an fara shi da wuri ana warkewa cikin kwanaki. In an yi jinkiri, tsofaffi da masu raunin jiki na iya galabaita, ko da yake waɗanda ke mutuwa ba su kai kashi 1 bisa 100 ba.

Yaya aka bi sawunta? Hukumomin Amurka sun sanya ta cikin cututtukan da ake kai rahotonsu tun 1999. Lokotoro ya aika jini ɗakin awo, ɗakin awo ya sanar da hukumar lafiya ta jiha, jiha ta miƙa wa hukumar CDC a birnin Atlanta. A shekara ta 2000 mutum 348 aka ƙidaya. A 2017 sun kai 5762, akasarinsu a arewa maso gabashin ƙasar da jihohin Minesota da Wiskonsin. Ma'aikata kuma suna jan farin ƙyalle bisa ciyawa don su kama kaska a auna ta, a san inda ta kai.

Dalili biyu ne suka sa adadin ya haura. Na farko, kaskar kanta ta ƙara yaɗuwa: dazuzzuka sun sake tohowa, bareyin da take shan jininsu sun yawaita, sanyin hunturu ya ragu, har ta ƙara kutsawa cikin Kanada. Na biyu, lokotoroci sun koyi neman cutar. Ke nan adadin yana auna tafiyar kaska, yana kuma auna buɗewar idon masu awo.

Irin kaskar da ke ɗauke da wannan cuta ta dazuzzuka masu laima ce, ba ta Sahel ba. Amma darasin ya shafi Nijar ta fuska biyu. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya komo daga Niyok ko Turai lokacin zafinsu, ya kama masassara, aka yi awon zazzaɓin cizon sauro ba a ga kome ba, ya kamata ya faɗa wa lokotoro inda ya fito. Sannan kaskar bisashen Sahel tana da nata cututtuka, kamar masassarar Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini, wadda ta ɓarke a Nuwakshot a 2003. Mahauta, makiyaya da dillalan kara su ne a gabanta.

Saboda haka rajistar asibiti ba aikin banza ba ce. Masassarar da awo ya nuna ba ta cizon sauro ba ce, a rubuta ta, tare da sana'ar majinyaci da garin da ya fito. Ma'aikatan lafiya da na kiwo su riƙa musayar abin da suka gani. Wanda kaska ta cije kuwa, ya cire ta da hantsaki dab da fata, kada ya murƙushe ta da yatsu, ya kuma riƙe ranar a ransa.